Tsofaffin gine-ginen ƙasa: ko wasan kuɓuta daga ɗaki zai iya biyan kuɗin yaɓe?

A farkon watan Satumba na shekara ta 2024, cikin daminar da ta yi ɓarna a faɗin Nijar, tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram ya rushe. Masallacin nan tun tsakiyar ƙarni na 19 yake tsaye. Ya ga sarautar Tanimu, ya ga zuwan Faransawa da tafiyarsu, amma ruwan sama ya kwantar da shi. Kafin wannan da shekara guda, a watan Agusta na 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta a kan masallata, har aka yi asarar rayuka.

Waɗannan biyu sun samu shiga labarai domin sunansu ya kai. Akwai kuwa ƙananan gine-gine da ke faɗuwa kowace damina a gundumomin Madawa, Buza da Keita ba tare da wani ya rubuta ko layi ɗaya a kansu ba: zauren wani tsohon falke, soron wani malami, manyan rumbunan ƙasa irin na Adar, ko wani ɗakin bariki na zamanin kumandan da aka bar wa jemagu da awaki. Yadda suke mutuwa kusan iri ɗaya ne. Mai gida ya rasu, magada sun watse, wani yana Yamai, wani yana Legas ko Abijan, wanda ya rage a gari kuma ya yi nasa ginin na siminti da kwano a bakin hanya. Indararo ya toshe ba mai sharewa, ruwa ya kwanta a kan rufi, gara ta shiga azara. Damina biyu ko uku sun isa.

Ginin ƙasa ba ya tsufa muddin ana kula da shi. Abin da yake bukata shi ne yaɓe a kan kari, da idon mutum da ke shiga yana fita, wanda zai ga tsaga tun tana ƙarama. To, yaɓe kuɗi ne, ido kuma sai da dalilin shiga. Dokar ƙasa mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan tarihi da na al'adu, kuma tun 2006 masallatan ƙasa na jahar Tawa suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO da fatan a sa su cikin kayan tarihin duniya, kamar yadda aka sa tsohon birnin Agadas a 2013. Amma doka ba ta kwaɓa ƙasa, takardar UNESCO kuma ba ta hawa tsani. Tambayar da ta rage ita ce: wane aiki za a ba tsohon gini har ya ci da kansa?

Amsar da waɗansu ƙasashe suka samo

A ƙasashen Turai da Asiya an samo wata amsa mai ban mamaki, wato wasa. Yadda ake yinsa shi ne, a shigar da mutane kaɗan, daga biyu zuwa shida galibi, cikin ɗaki, a ba su labari, a ba su minti 60. A cikin ɗakin an ɓoye alamu, da akwatuna masu kwaɗo, da wasiƙu, da lissafi. Kowace alama da suka warware tana kai su ga ta gaba, har su kai ga mabuɗin fita kafin lokaci ya cika. Akwai wani mai kula da wasan da ke kallonsu daga waje, yana jefa musu taimako in sun cije. A taƙaice dai ka-cici-ka-cici ne da aka yi wa bango da ƙofa.

Wani Bajapane mai suna Takao Kato ne ya fara shirya shi ga jama'a a birnin Kiyoto a 2007. A 2011 Attila Gyurkovics ya buɗe nasa mai suna Parapark a Budapest, babban birnin Hangari, kuma abin lura a nan shi ne wurin da wasan ya samu gindin zama: ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na tsofaffin gidaje, waɗanda ba mai son haya, saboda duhu da danshi. Abin da ya kore 'yan haya shi ne ya jawo 'yan wasa. Daga nan sai masu tsofaffin fadoji da gidajen tarihi suka farga cewa suna zaune a kan jari. Har gidan wasan Opera Garnier na birnin Paris ya buɗe ƙofofinsa ga irin wannan wasa a 2018.

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da ya taɓa zama gaban talabijin yana kallon shirin Fort Boyard ya riga ya san abin da ake nufi, ko da bai san tarihin wurin ba. Wannan ganuwa ta dutse da ke tsakiyar teku a yammacin Faransa, an soma gininta a farkon ƙarni na 19, zamanin Napoleon, ba a gama ba sai 1857. Ko da aka gama, bindigogin zamani sun riga sun yi nisan zangon da ya sa ba a bukatarta. Aka mai da ita kurkuku na ɗan lokaci, sannan aka yi watsi da ita shekaru da dama, igiyar ruwa da tsuntsaye suna cinta. A 1989 hukumar gundumar Charente-Maritime ta karɓe ta a kan tamma ɗaya tak, ta gyara ta, aka fara nuna wasan a 1990. Ginin da bai taɓa tsare kowa daga abokan gaba ba, wasan mabuɗai ne ya tsare shi daga rushewa.

Abin da Yama da Dandaji suka nuna

Mai karatu zai ce wannan zancen Turawa ne, masu kuɗin ɓatarwa da lokacin ɓatarwa. Da gaskiyarsa, ta wani gefe. Sai dai tushen dabarar, wato a ba tsohon gini sabon aiki maimakon a rushe shi, an riga an gwada shi a nan cikin jahar Tawa, yamma kaɗan da waɗannan gundumomi uku.

A ƙauyen Yama, a 1962, jama'a suka ɗora wa wani manomi kuma magini, Alhaji Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a. Kowa ya kawo abin da yake iyawa: wani tubali, wani ruwa, wani itace. A 1975 maginin ya koma kan aikinsa, ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, daga baya ya tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi, kowace da irin surarta, aka kammala a 1982. A 1986 masallacin ya samu kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda manyan masu zanen gine-gine na duniya ke nema ido rufe. Shekara 20 ana gini ana ƙari, ba injiniya, ba takardar zane.

Masallacin ƙauyen Dandaji ma daga hannun wannan magini ya fito. Da gari ya ƙaru, ginin kuma ya soma lalacewa, har an yi tunanin rushe shi a yi sabo. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo wata shawara: a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1,000 a gefe, da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, tsohon kuma a gyara shi ya zama ɗakin karatu. Aka nemo maginan da suka san ginin tun farko suka sa hannu a gyaran. An gama a 2018, aka sa wa wurin suna Hikma. Da aka tashi daga yin salla a tsohon masallacin, ba a kulle shi an bar wa gara ba. An zuba masa littattafai da kujeru, domin yara 'yan lakkol da mata masu koyon karatu su riƙa shiga.

A nan ya kamata a ja layi, kada a yi kuskuren fahimta. Masallaci ba wurin wasa ba ne, ko an daina salla a cikinsa. Haka hubbare da maƙabarta. Dandaji ta zaɓi karatu domin shi ne ya dace da alfarmar wurin. Amma gidan falke, da zauren fatoma, da tsohon kanti, da ɗakin ajiya na bariki, ba su da wannan nauyi, kuma su ne suka fi yawa, su ne kuma ba mai tuna su.

Yadda za a iya tsara shi

A ɗauka akwai wani tsohon gidan fatoma a Madawa, mai zaure da shigifa da ɗakin baƙi, magada kuma sun yarda. Labarin da za a ba 'yan wasa ba sai an aro shi daga fim ba. Ayari zai tashi da asuba, madugu ya ce ba zai jira kowa ba. Wani falke ya bar amana a gidan, ya kuma bar bayanin wanda za a ba, amma ya rarraba bayanin a wurare saboda tsoron ɓarayi. Kafin a buga gangar tashi, sai an gano amanar da mai ita.

Daga nan kowace alama sai ta fito daga sana'ar kanta. A ce akwai wasiƙa da ajami a cikin gafaka, tana faɗin bashin da ake bin wani da wuri. Sai an san cewa keso ɗaya wuri 20,000 ne kafin a fitar da lambar da za ta buɗe kwaɗon akwati. A cikin akwatin akwai kantun gishiri irin na Bilma da ma'auni, nauyin da ya yi daidai shi ne zai nuna wace tabarma za a ɗaga daga cikin tabarmin kaba da aka shimfiɗa, saƙar kowace da irin zanenta, abin da Madawa ta yi suna a kai. A ƙarƙashin tabarmar akwai zanen taurari, Kaza da 'Ya'yanta da sauransu, wanda ke nuna gabas, wato bangon da za a duba. Haka har zuwa ƙarshe.

Amfanin irin wannan tsari ya wuce nishaɗi. Ɗan lakkol zai yi lissafin cikin minti ɗaya, amma ba zai iya karanta wasiƙar ba. Almajiri zai karanta wasiƙar ba gargada, amma wataƙila lissafin ya ba shi wuya. Yarinyar da ta tashi a gidan masaƙa ita za ta gane tabarmar. Ba wanda zai fita shi kaɗai. A garuruwan da makarantar allo da lakkol suka daɗe suna kallon juna a kaikaice, ba ƙaramin abu ba ne a samu ɗaki guda inda kowannensu yake bukatar ɗan'uwansa, ko da na awa ɗaya ne.

Sauran abin da ke sa mutum ya ji kamar ya koma wancan zamani, ginin da kansa yake bayarwa, kyauta: sanyin soro da tsakar rana, ƙamshin ƙasa da na jemammiyar fata, ƙaramar ƙofa da sai an sunkuya, haske ɗan kaɗan daga taga. Turawa kan kashe maƙudan kuɗi su ƙirƙiro wannan da katako da fenti. Mai kula da wasan ma ba sai an je nesa ba. Ƙasar da ke da maroƙa da masu tatsuniya, ƙasar da Damagaram take yin wasan kara, inda talakawa ke shigar sarakai da manyan gwamnati suna kwaikwayonsu, ba ta rasa wanda zai yi shigar fatoma ya tarbi baƙi a zaure.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma wanda ya raina su gara ya bar ginin ya faɗi da kansa.

Na farko shi ne rai. A ranar 4 ga Janairu 2019, a garin Koszalin na ƙasar Polan, 'yan mata biyar masu shekara 15 sun je irin wannan wasa domin murnar ranar haihuwar ɗaya daga cikinsu. Iskar gas ta na'urar ɗumama ɗaki ta kama da wuta, hanyar fita ɗaya ce, wutar kuma ta tare ta. Hayaƙi ya kashe su duka biyar. Bayan wannan hukumomin ƙasar suka bi wuraren wasan ɗaya bayan ɗaya, suka rufe da dama. Darasin a fili yake: kullewar ta zama ta labari kawai. Ƙofar fita ta kasance tana buɗuwa daga ciki da turi ɗaya, kowane lokaci. Tsofaffin ɗakunan Hausa kuwa galibi ƙofa ɗaya gare su, ƙarama, ga azara busasshiya a sama, ga tabarmi a ƙasa. Saboda haka ba fitilar kananzir, ba aci-bal-bal, ba garwashin turare, kome kyan da za su ƙara wa wasan. Fitilar batir ko ta hasken rana ta wadatar. Kuma kafin kowa ya shiga, sai magini ya hau ya duba rufi, ya ƙwanƙwasa azara ya ji ko gara ta cinye cikinta. A tsakiyar damina, watan Agusta musamman, a rufe wurin.

Na biyu shi ne ginin. Ba a kafa ƙusa, ba a huda bango domin waya, ba a haƙa daɓe domin ɓoye akwati. Duk kayan wasa su tsaya da ƙafafunsu, yadda in an kwashe su gobe ɗakin zai koma kamar yadda aka same shi. Takobin kaka da littattafansa na ainihi ba kayan wasa ba ne. A yi kwafinsu, na ainihin su zauna a ajiye. Babban abin gudu kuma shi ne siminti. Mutane da yawa suna ɗauka gata ne su shafe bangon ƙasa da siminti. Ƙasa tana shan danshi tana fitarwa, siminti kuwa yana riƙe shi a ciki. Da zafi da sanyi sun sa shafen ya tsage, ruwa ya samu hanyar shiga, ba shi da ta fita, sai bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye alhali fuskarsa tana sheƙi, ranar da zai faɗi kuma ba ya sallama. Magabata suna da makuba, daga kwasfar ɗorawa, suna da laso da ake haɗawa da katsin marina. Sun fi wahalar samu a yau, amma su ne abokan zaman ƙasa.

Na uku ya fi sauran wuyar sha'ani, shi ne labarin da za a bayar. A yankin Vendée na Faransa, Philippe de Villiers ya fara wani gagarumin wasan tarihi a kangon fadar Puy du Fou a 1978, da mutanen ƙauyuka 'yan sa-kai. Wurin ya bunƙasa ƙwarai, amma malaman tarihi da dama suna sukarsa da cewa yana ba da labarin yaƙin 1793 ta fuskar ɓangare ɗaya. In haka ta faru a kan yaƙin da ya wuce shekara 200 a ƙasar da ke cike da littattafai, ina ga nan? A cikin wannan jaha Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754, kuma a cikinta jikokin Gobirawan da suka yaƙe shi suke zaune. Ga Adarawa, ga Abzinawan Kel Geres, ga Fulani, kowa da yadda kakansa ya ba shi labarin wane ya ci wane. Ga zancen bauta, wanda har yau akwai gidajen da ba a son a tayar da shi. Ga kisan da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙonni a 1899, ga aikin tilas da ba a soke ba sai 1946. Waɗannan abubuwa ne da ya wajaba a koya wa yara, a zaune, da natsuwa, daga bakin wanda ya sani. Mai da su abin tsere da agogo ana dariya rashin ta-ido ne. Fatauci, da saƙa, da ƙira, da gini, da dabarun boye hatsi a shekarun yunwa, sun isa su cika ɗakuna goma ba a taɓa mutuncin kowa ba. Ko su ɗin ma, kafin a rubuta kome, sai an zauna da dattawan gidan an ji abin da suka yarda a faɗa.

Akwai kuma ƙaramin sharaɗi da baƙo kan manta. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje ba kango ba ne gaba ɗaya, akwai tsohuwa ko iyali a can ciki. Wasa ya tsaya a zaure da shigifa, inda baƙo yake tsayawa tun asali. In an ware wa 'yan mata da matan aure ranarsu, da mace mai kula da wasan, iyaye da mazaje za su fi sakin jiki.

Lissafin ɗan kasuwa

Saura zancen da 'yan kasuwa ke jira. Wanda ya gina lissafinsa a kan Turawa 'yan yawon buɗe ido ya yi asara tun bai fara ba, domin sun ɗauke ƙafa tun shekarun da tsaro ya taɓarɓare a yankin Sahel. Masu zuwa su ne 'yan lakkol da malamansu, da 'ya'yan ma'aikata lokacin hutu, da samarin da suka dawo daga ci-rani, da baƙin ranar kasuwa, da masu sayen albasa da ke kwana suna jiran a cika mota.

A ƙaddara kowane ɗan wasa ya biya dala 100. Mutum shida jika 3 ke nan. In an samu rukuni huɗu a rana, jika 12. Wannan misali ne kawai, kowa ya gyara shi daidai da garinsu, amma ya isa ya nuna girman abin: ba sana'ar da za ta kai mutum Makka ba ce a shekarar farko. Akwai ma wata matsala da masu wannan harka suka sani a ko'ina, wato wanda ya warware wasa sau ɗaya ba ya dawowa, ga shi kuma a ƙaramin gari amsa ba ta kwana uku ba ta zaga kasuwa ba. Dole a riƙa sauya alamu da lambobi, a sake labari kowace shekara. Wannan aikin kai ne, mushen lakkol da malamin allo za su iya yinsa tare a zama biyu ko uku.

Abin da kuɗin za su iya yi shi ne su biya mai kula da wasa, su biya yaɓe. Shi ya sa ya kamata a rubuta yarjejeniya tun farko tsakanin magada da mai shirya wasan, a gaban sarki ko magajin gari, a faɗi kason da za a ware wa gyara kafin kowa ya taɓa riba, a kuma faɗi hannun da zai riƙe shi. In ba haka ba, wasa zai ci, gini ya ci gaba da zubewa, ƙafafun 'yan wasa ma su ƙara masa sauri. Lokacin ma ya yi daidai: watannin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, su ne na taruwar jama'a, kuɗin da aka tara a cikinsu kuma su ne za a kwaɓa ƙasa da su a bazara, kafin hadarin farko.

Mutanen Keita ba baƙin aikin gayya ba ne. Tun daga 1984, a ƙarƙashin aikin raya karkara da ƙasar Italiya ta ba da kuɗinsa, mata da yawa sun ɗauki duwatsu a ka sun jera su a kan tuddai domin tare ruwa da farfaɗo da gonaki. Hannu ba zai yi wuyar samu ba. Wanda zai yi wuya shi ne maginin da ya iya ɗaure bakan gizo da azara, ya san yadda ake haɗa makuba. Samarin da ke koyon gini a yau siminti da ƙarfe suke koyo, domin nan kuɗi suke. Ofishin magajin gari da ke son fara wannan aiki zai bukaci takarda biyu kafin ya sayi ko kwaɗo ɗaya: ta farko mai sunayen gine-ginen da suka rage a tsaye da magadansu, ta biyu mai sunayen tsofaffin magina da ƙauyukan da suke.